Bishiyata Mai Makara

A gidanmu ba a tsinkar mirabel, ɗan itacen nan rawaya mai zaƙi da ƙwallo a ciki, da hannu, girgiza shi ake yi. Sai a shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a gindin bishiya, a maƙala gora mai ƙugiya a reshe, a fizga. Wanda ya nuna ya zubo kamar ruwan sama, wanda bai nuna ba ya tsaya sai zagaye na gaba. Kaka Léonie takan ce bishiya ta fi kowa sanin 'ya'yanta: abin da ta saki naka ne, abin da ta riƙe kada ka ƙwata.

Na dawo ƙauye a tsakiyar Agusta, bayan na gama karatun ilmin halittu a jami'a a birnin Nancy, nan ƙasarmu Faransa. Tun daga bakin hanya ake jin ƙamshi, lambuna duk sun yi rawaya, rina sun cika gari. A namu lambun abu ɗaya ne ya canza, amma ba ƙarami ba ne. Tsohuwa ba ta nan.

Tsohuwa ita ce bishiyar da ke bayan ɗakin girki, wadda ba mai iya faɗin shekarunta. Al'adar gidanmu ita ce, duk ɗan da aka samu, idan Agusta ta zo Kaka za ta yanko ido ɗaya, wato ɗan tohon da ke gindin ganye, daga sabon reshen Tsohuwa, ta yi wa ƙaramin dashe aure da shi, ta manna shi a jikinsa, bishiyar da ta tashi ta zama ta wannan yaro har abada. Baba yana da tasa. Yaya Bastien yana da tasa. Ni ma ina da tawa, ko da yake ba a gidan aka haife ni ba. Agola ce ni. Ina 'yar shekara uku Mama ta auri Baba Régis, wanda matarsa ta rasu ta bar masa Bastien, ta shigo da ni gidan tana riƙe da hannuna. Ban san wani uba ba sai shi. Shi ne ya tsaya kai da fata a wannan shekarar cewa sai an yi mini bishiya kamar kowa. Yakan ba da labarin yadda ya ɗora ni a wuya don in kalli Kaka tana aiki, da yadda na fashe da kuka na ce an yanka bishiya za ta mutu.

A sanyin da ya wuce guguwa ta tsaga Tsohuwa biyu. Aka sare ta, aka ƙona itacenta a murhu har sanyi ya fita. Da bazara kuma Laurine, matar Bastien, ta haifi mace, aka sa mata Apolline. An riga an dasa mata ɗan dashe kusa da kututturen Tsohuwa, yana jiran ido. Ranar Lahadi za a yi auren, bayan an fito daga coci.

To daga ina za a samo idon? Sai dai daga 'ya'yan Tsohuwa. Bishiyar Baba ta tsufa, da ƙyar take fitar da sabon reshe. Ta Bastien ba ta da lafiya, ganyenta ya yi zobe-zobe, ƙaro yana tsiyaya daga jikinta. Tawa kuwa tana can ƙasan lambu kusa da katanga, lafiyayya, rassanta na bana sun kai tsawon hannu. Tun a jirgin ƙasa nake juya maganar a raina. Ni ba mai yawan roƙo ba ce, ban taɓa neman wani abu a gidan nan da bakina ba. Amma wannan ina so. Ina so a ce bishiyar Apolline daga tawa aka samo ta.

Ranar Alhamis muka fara girgiza. Baba yana riƙe da gora, Bastien yana hawa sama ya jijjiga rassan da gora ba ta kai, ni da Mama muna tattara bakin zannuwa mu juye a akwatunan katako. Kaka tana zaune a kujerarta da faranti a cinya, tana ware waɗanda suka fashe. Irin na gidanmu ƙanana ne, ba su fi ƙwan tantabara ba, fatarsu siririya, gefen da ya kalli rana da ɗigo-ɗigon ja. In ka matsa ɗaya da yatsu biyu sai ya buɗe, ƙwallon ya fito tas ba ya riƙe nama.

Da muka iso ƙasan lambu Bastien ya yi abin da yake yi kowace shekara. Ya karɓi gora, ya tsaya gaban bishiyata ya cire hula.

"Ranki ya daɗe, ko za a taimaka wa talakawa da ɗan abin taɓawa?"

Ya fizga da ƙarfi. Guda biyu suka faɗo, su ma kore ne. Ya ɗauka ya miƙo mini da hannu bibbiyu, ya ce ga rabon Likitar Kwaɗi. Haka yake kirana tun da na yi kuskuren ba shi labarin abin da muke feɗewa a jami'a.

Baba ya share gumi ya faɗi abin da shi ma yake faɗa kowace shekara.

"Ku ƙyale ta. Bishiya halin mai ita take ɗauka. Solène ba ta gaggawar magana, ita ma ba ta gaggawar nuna."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Wannan magana ina sonta. Tun ina ƙarama, duk lokacin da malamai suka yi ƙorafin ba na buɗe baki a aji, sai in tuna akwai wata bishiya da take yin irin halina, kuma ba wanda ya sare ta saboda haka. Takan makara da mako ɗaya da wani abu, sannan ta zubo da 'ya'ya manya, masu kauri, waɗanda ba su da ɗigon ja sosai. Ranar girgiza tawa daban ce, ni da Baba kawai muke yi.

Da rana muka zauna cin abinci a inuwa. Mama ta kawo tart ɗin farko na shekara, yana turiri: ƙullin fulawa da man shanu a faranti, an jera rabi-rabin mirabel a kai cikinsu yana kallon sama don kada ruwan ya jiƙa ƙullin. Laurine tana shayar da jaririya. Ita ce ta tayar da maganar, ta tambayi Kaka daga wace bishiya za a yanko idon. Kaka ta ce za a duba. Bastien ya ce tasa dai ba ta yiwuwa, kada a gadar wa yarinya ciwo.

Na ajiye cokali. Na ji kunnuwana sun yi zafi tun kafin in buɗe baki.

"Kaka, ga tawa. Na duba ta jiya, idanun sun cika, babu ciwo ko ɗaya."

Laurine ta yi murmushi ta ce ai shi ke nan, magana ta ƙare, gwaggo za ta ba 'yarta bishiya. Ita kaɗai ta yi murmushin. Bastien ya sunkuyar da kai yana yankan tart ɗin da ya riga ya yanka. Mama ta miƙe ta ce ta manta wani abu a wuta, alhali na ga lokacin da ta kashe wutar. Baba ya kalli Kaka, ba irin kallon mai tambaya ba, irin na mai roƙo.

Kaka ta tofar da ƙwallo a tafin hannunta ta ajiye a bakin faranti.

"Ba daga taki ba," ta ce. "Daga ta Régis za a yanko."

Na ce ta Baba ba ta da sabon reshe mai ƙwari. Ta ce za a samu. Daga nan ta tambayi Laurine ko yarinya tana barci da kyau, aka shiga wata hira.

Ni mutum ce mai kallo. Wanda ba ya magana, idonsa ke yi masa aiki. Ƙin da Kaka ta yi bai dame ni kamar yadda sauran suka yi ba, don Kaka takan ƙi abu ba dalili. Abin da ya tsaya mini shi ne ba wanda ya yi mamaki. Mutum uku suka ji an ce a'a, ba ɗaya da ya ce don me.

Bayan cin abinci na gangara wajen bishiyata na zauna a gindinta. A shekarata ta biyu a jami'a wani malami ya gaya mana cewa bishiyar da aka yi wa aure ba 'yar uwar bishiyar da aka yanko ba ce, ita ce da kanta, a kan wani gindi. Ƙasa da rana suna iya ƙara mata zaƙi ko su rage, amma ba sa canza mata iri. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa da shi. Ko sau ɗaya ban kawo maganar gida ba. Bayanin Baba ya riga na malamin shiga kaina.

Ina zaune sai na ɗaga kai. Wani reshe ya tsallako katanga daga lambun maƙwabcinmu, Kawu Émile, yana lilo a saman kaina. Duk ƙauye ana girgiza, amma 'ya'yan wannan reshe kore ne shar, manya, masu kauri. Na tsinko ɗaya, na tsinko ɗaya daga tawa, na fasa su da haƙori na jera ƙwallayen a gwiwata. Sannan na ciro ƙwallon irin na gidanmu daga aljihu na ajiye a gefe. Biyu dogaye ne masu tsini. Ɗaya gajere ne mai kumburi.

"Wa ke satar mini kaya tun ba su nuna ba?"

Kawu Émile ne a kan tsani, kansa ya leƙo ta saman katanga. Tun ina yarinya gaisuwa kawai ke haɗa mu, in na gaishe shi sai in yi sauri in wuce. Yau ban wuce ba. Na gaishe shi, ya tambayi karatu, ya tambayi ko na samo miji a birni ko duk 'yan Nancy makafi ne. Sai ya nuna bishiyata da haɓa.

"Ga 'yar tawa nan ta fi uwarta kyau. Kullum in na leƙo sai in ce, Émile, ka yi zuri'a."

Na tambaye shi me yake nufi, murya can ƙasa. Ya ce ashe ba a ba ni labari ba. A shekarar da aka kawo ni, wai, Léonie ta zo bakin katangar nan da safe ta ce ya yanko mata reshe ɗaya. Léonie, wadda ta yi shekaru tana ce wa mirabel ɗinsa abincin alade. Ya ce ranar har barasa ya buɗe don murna, yana zaton tsohuwar ta sallama cewa nasa ya fi. Yana cikin dariya ya kalli fuskata, dariyar ta tsaya.

"Au. Yarinya, na ɗauka kin sani. Ai kowa ya sani."

Ya sauka daga tsaninsa a hankali. Na ji takunsa yana nisa a cikin ciyawa.

Na sami Baba a rumfa yana juye fasassun mirabel a cikin ganga. Waɗannan ba a cin su, ana barinsu su ruɓe har sanyi ya shigo, sannan a kai su tukunyar ƙauye a tace barasa. Ya ba ni baya. Na ajiye ƙwallayen uku a kan murfin ganga na tsaya. Ya daɗe yana kallonsu. Baba ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙwallo.

Ya ce wallahi a ranar bai sani ba. Reshe aka kawo an cire ganye, an naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, wa zai gane? Sai bayan shekaru, da ta yi 'ya'yan fari, ya gani. Ya ce ya yi faɗa da mahaifiyarsa faɗan da bai taɓa yi ba, har suka yi makonni ba sa magana.

"Sannan fa?" na ce.

"Sannan me? Ke kina tsalle kina murna bishiyarki ta haihu. In sare ta?"

"Ba sai ka sare ba, Baba. Ana sake wa babbar bishiya aure. Kai ka koya mini. Na ga ka yi wa ta bakin rijiya."

Duk shekarun nan Tsohuwa tana tsaye a bayan ɗakin girki, tana fitar da sababbin rassa kowace bazara. Reshe ɗaya ya isa, ko da ba a canza bishiyar duka ba. Ba sai ya nemi izinin kowa ba, wuƙa tana aljihunsa kullum. Baba ya ce ya yi niyya, sau da yawa ma. Sai ya ce bari baɗi, kada a tayar da rigima. Baɗi ta zo ya ce baɗi. Har guguwa ta zo.

Na tambaye shi maganar nan da yake faɗa, ta bishiya da halin mai ita, yaushe ya fara. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa.

"Kin tambaye ni me ya sa taki ba ta zubowa da na kowa. Kina 'yar mitsitsiya, idonki ya cika da hawaye. Me zan ce miki?"

Da Kaka ce kaɗai, da na iya ɗauka. Kaka ba ta taɓa ce mini ni jininta ba ce, ba ta kuma taɓa rage mini abinci ba. Abin da ke tsakaninmu a fili yake kamar tafin hannu. Amma wannan magana ta Baba ita na riƙa sawa a aljihu in tafi makaranta da ita. Ashe tsumma ne aka rufe rami da shi. Kuma kowace shekara sai ya sake shimfiɗa shi a gaban mutane, suna dariya, ni ma ina taya su.

Mama tana ɗakin girki tana juya maɗi a babbar tukunyar jan ƙarfe, kwalabe a jere suna jira. Ba ta juyo ba. Ta ce ta sani tun shekarar da Baba ya sani. Ta ce ita baƙuwa ce a lokacin, da 'ya a hannu, a gidan surukar da ba ta so zuwanta ba, wane baki gare ta? Ta ce bishiya ce kawai, Solène, kuma taki ta fi ta kowa albarka. Na ce in bishiya ce kawai, me ya sa ba za a yanko ido daga jikinta ba. Ta ci gaba da kwashe kumfa. Bastien kuwa, da na same shi yana loda akwatuna a mota, bai kira ni Likitar Kwaɗi ba. Ya kira sunana. Ya ce shi tun yana saurayi ya gane da kansa, Baba ya ce ya rufe bakinsa. Duk shekara shi yake cire hula a gaban bishiyar.

Kaka ban tambaye ta ba, ita ta kira ni, ranar Asabar da hantsi. Tana wasa wuƙar aure a kan dutse, 'yar ƙarama mai ƙotar ƙashi. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce a lokacin ba ta san ko uwata za ta zauna ba. Ta ga mata sun zo sun tafi da 'ya'yansu. Itacen gida ba a ba wanda ƙafarsa ɗaya take waje. Ta ce ba ta ba ni mugun iri ba, ta zaɓo mai ƙwari, ko da yake na Émile ne. Na ce ai Mama ta zauna. Ta ce ta zauna, haka ne. Ta gwada kaifin wuƙar a farcenta.

Sannan ta miƙo hannayenta gabana. Rawa suke yi, ba kaɗan ba.

"Kin gani. Ba zan iya ba bana. Régis hannunsa kamar na mai faskare, Bastien ba haƙuri. Ke kika tsaya kina kallona tun kina ƙarama. Gobe ke za ki yi."

Ba roƙo ba ne, kuma ba ban haƙuri ba ne. Aiki ne ya taso, ta duba gidan ta ga wanda zai iya. Na karɓi wuƙar.

Ranar Lahadi da safe, kafin a tafi coci, na gangara ƙasan lambu. Na zaɓi reshe mafi kyau a bishiyata, na yanke, na cire ganyen na bar ƙananan hannuwansu, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa a aljihun rigar aikina. Ban tsaya na tambayi kaina me zan yi da shi ba. Na sani.

Bayan coci aka taru a bayan ɗakin girki. An kawo wa Kaka kujerarta. Laurine tana riƙe da Apolline cikin farar riga. Baba ya hau tsani ya daɗe yana nema a bishiyarsa, ya sauko da wani siririn reshe, da ƙyar aka sami ido biyu masu rai a jikinsa. Shi ma aka cire ganye, aka naɗe a tsumma aka miƙo mini. Na durƙusa gaban dashen, na ba su baya. Haka ake yi, mai aure yakan tare rana da jikinsa don kada idon ya bushe. Daga inda suke ba mai ganin hannuna. A nan na gane yadda abin ya zo wa Kaka da sauƙi.

Na share gindin dashen. Na tsaga ɓawon a kwance, na tsaga a tsaye, na ɗaga leɓɓansa da bayan wuƙa. Ya buɗe ba gardama, cikinsa jiƙe, fari. Reshe biyu ne a gabana, ɗaya a cinya, ɗaya a aljihu. In na saka nawa, zai kama, na tabbata, ya fi na Baba ƙarfi nesa ba kusa ba. Ba wanda zai gane sai bayan shekaru, wataƙila lokacin Kaka ba ta duniya. Sai su zo da gora da zannuwa, su fizga, guda biyu su faɗo. Na so in ga fuskokinsu a ranar. Har yanzu ba zan ce ban so ba.

Hannuna yana cikin aljihu Apolline ta yi ɗan kuka. Na ji Baba yana lallashinta da irin muryar da yake lallashina, yana ce mata kada ta ji tsoro, ba yanka bishiyar ake yi ba. Sai na ga ranar da kyau. Ba fuskar Kaka na gani ba. Yarinya na gani tsaye a bakin zane, tana tambaya me ya sa tata ba ta zubowa da na kowa, wani babba yana sunkuyowa yana neman abin da zai ce mata.

Na zare hannuna. Na yanko ido daga reshen Baba, siriri kamar farce, na zura shi a ƙarƙashin ɓawon, na ɗaure da zaren kaba na bar idon a waje. Na miƙe na ce an gama. Laurine ta yi tafi. Kaka ta sa aka matso da kujerarta, ta duba ɗaurin, ta ce ba laifi. Na naɗe wuƙar na miƙa mata, ta ce in riƙe. Na ajiye ta a kan kututturen Tsohuwa.

Da aka shiga cin abinci na sake gangarawa ƙasan lambu. Na ciro reshen daga aljihu, na warware tsumman, na jefa shi ta saman katanga, ya koma inda aka samo shi.

Washegari na ce zan koma Nancy neman aiki. Mama ta cika mini jaka da kwalaben maɗi, ba ta tambaye ni komai ba. Baba ne ya kai ni tasha. A hanya ya yi ta magana a kan ruwan sama da farashin mai, ni ina kallon lambuna suna wucewa, ko'ina zannuwa a shimfiɗe, mutane a sunkuye. Da muka tsaya ya kashe mota, bai fita ba. Ya ce in Allah ya so idon zai kama, hannuna ya yi kyau. Ya ce in ya kama, bayan shekara biyu ko uku za a sami reshe, sai a yi wa tawa aure da shi, ya yi alkawari. Na ce to.

"Mako mai zuwa taki za ta nuna," ya ce. "Ki zo mu girgiza, ni da ke. Kin san ta, ba ta gaggawar…"

Bai ƙarasa ba. Ni ma ban ƙarasa masa ba.

"Ka bar ta, Baba," na ce. "In ta ga dama za ta saki da kanta."

Na ɗauki jakata na fita. Kwalaben suna ƙara a ciki, sai na rungume ta a ƙirji don su yi shiru.